Ƙafa Ba Takalmi a Kan Dutsen Ƙanƙara

Hoton nan da ke rataye a falo, sama da talabijin, ya daɗe yana yi mini ƙarya, ni kuma na daɗe ina ƙyale shi. Duk baƙon da ya shigo ya gan ni tsaye cikin dusar ƙanƙara, hula a kai, ƙafa ba takalmi, dutse fari fat a bayana, sai ya ce lallai Alhaji an yi jarumta. Nakan yi murmushi in ce a kawo masa ruwa. Amma ranar da labari ya iso ni cewa kai Nura ka zauna a gidan surukanka ka ce mahaifinka ya hau dutsen da ya fi kowanne tsawo a ƙasar China da ƙafarsa tsirara, wai har mutanen garin suka yi ta tafi, na san lokaci ya yi da zan gyara zancen kafin jikoki su ƙara masa gishiri. Dutsen ba shi ne mafi tsawo ba, ban kai ƙololuwarsa ba, babu kuma wanda ya yi tafi. Ku zauna ku ji abin da ya tuɓe mini takalmi.

Ku manyan kun riski kakanku, Malam Garba baduku, wanda duk unguwa ke kira Mai Basilla saboda babbar allurar da yake ɗinkin fata da ita. Mutum ne da in ya ɗinka maka takalmi sai ka gaji da shi ka bayar, wanda ka ba ma ya gaji. Shi ya sa ya rasu bai tara komai ba, domin wanda ya sayi takalminsa ba ya dawowa sai bayan shekara goma, shi ma gaisuwa ce ta kawo shi. Ni tun ina saurayi na duba wannan sana'a na ga ba ta kai mutum ko'ina, na ajiye basilla na shiga saye da sayarwa. Daga Legas zuwa Kwatano, ƙarshe na tsinci kaina a Guangzhou, wadda mu muke ce wa Gwanzu, ina sa masana'anta ta yi mini takalman kambas ina turowa Kano.

A shekarar da China ta karɓi wasannin Olamfik ina zaune a wani ɗaki a hawa na shida, bayan titin Huanshi, tare da Isuhu mutumin Maraɗi, wanda ke sayen bargo da rigunan sanyi. Isuhu dogo ne siriri, ba ya rabuwa da rawaninsa ko zufa na ɗiga daga haɓarsa, kuma Allah ya yi shi da bakin da ba ya barin kuskuren mutum ya wuce bai gaishe shi ba. Ni yake kira Bakano, ni ina kiransa Bamaraɗe, tukunyarmu ɗaya, shayinmu ɗaya. Mai masana'antar da nake hulɗa da shi kuwa sunansa Lawban Wu. Lawban maigida ke nan da yarensu, kuma kowa lawban ne a garin, har ni idan an ga alamar zan saya. Gajere ne mai yawan dariya, mun shekara biyar muna ciniki da guntun Turanci da kalkuleta, bai taɓa cuta ta ba.

Akwai abin da nake so ku sani, don har gobe ina jin ana cewa kayan China ba su da ƙwari. Ɗan China ba ya yi maka abin da ba ka ce ba. Idan ka shiga wurin Wu zai jera maka takalma uku a kan tebur, kamanninsu ɗaya kamar 'yan uku. Na farko an ɗinke tafinsa da zare an kuma sa gam mai kyau. Na biyu gam ne mai kyau ba ɗinki. Na uku gam ne kawai, irin wanda ke riƙe takalmi har mai saye ya isa gida. Kai za ka nuna wanda kake so. A wannan shekarar ni na buga wani farashi a kalkuleta na tura masa, ya duba ya ce mei yo, wato babu. Na ce akwai. Muka kwana biyu muna tura wa juna kalkuleta, har ya yarda zai yi mini wani da ke ƙasa da na uku, a zana masa siffar ɗinki a jikin robar, yadda duk wanda ya gani daga nesa zai rantse zare ne. Na fito ina jin kaina gwanin ciniki.

Dalilin wannan matsi ba ɓoyayye ba ne. Lokacin muna zaune a ɗaki biyu a gidan yayana, ku biyar da mahaifiyarku Saude, shekara goma sha ɗaya. Gidan da muke ginawa ya kai linta ya tsaya yana shan rana, rufi kawai yake jira. Na yi mata alkawari, da bakina ba wanda ya matsa mini, cewa kwantenar nan in ta iso kafin ƙaramar Sallah, to babbar Sallah a gidanta za ta yi. Mahaifiyarta, Inna, kullum ta zo sai ta ce ita dai burinta ta kwana ɗaya a gidan Saude na kanta. Don kwantenar ta cika maƙil da abin da ke hannuna, dole kowane takalmi ya yi araha. Sannan na ƙara wata dabara da na ɗauka ta fi kowace, na sa a buga sunan kakanku a ƙasan tafin, MAI BASILLA, da manyan baƙaƙe, domin na san duk dattijon da ya ji sunan a kasuwa zai saya ba tambaya. Da na faɗa wa Saude a waya sai ta ce:

"Alhaji, sunan Baba za ka sa a inda ake takawa?"

Na ce mata haka Turawa suke yi, ita ba ta san kasuwanci ba. Ta ce to, Allah ya ba da sa'a, irin to ɗin nan nata da kuka sani.

A watan huɗu, bayan an tashi daga baje kolin Pazhou, Wu ya gayyace mu cin abincin rana ni da Isuhu a gidan taliyar wasu Musulmin China. Samfurin takalmin ya fito, na sa shi a ƙafata, fari ƙal, ina ta miƙe ƙafa a ƙarƙashin tebur don a gani. Muna ci Wu ya ciro hotuna ya nuna mana. Ashe shi duk shekara idan an gama baje koli yakan tafi garinsu can yankin Yunnan ya hau duwatsu, ba don kiwo ko farauta ba, don hawan kawai. Ni kuwa da ba na so a nuna mini abu in rasa na nunawa, sai na ce ai mu ma a Kano muna da duwatsu har biyu a cikin gari, Dala da Goron Dutse, kuma tun ina ɗan shekara bakwai nake hawa Dala a guje. Ban yi ƙarya ba. Abin da ban faɗa ba shi ne Dala yana da matakala, kuma mutum kan hau ya sauko kafin shayi ya huce. Wu ya miƙe ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce shekara biyar yana tare da ɗan'uwansa mahayin dutse bai sani ba, jibi za mu tashi, shi zai ɗauki nauyin komai.

Da muka fito bakin titi Isuhu ya juyo gare ni.

"Bakano, Dalan nan da kake hwaɗi, ba shi ne wanda awaki ke kwana bisa ba?"

Na ce shi ne. Ya ce to shi ma za shi, don ba ya so a ba shi labari.

Gwanzu a lokacin zafi ne da gumi, ko'ina fanka. Don haka na ɗauki kaftani biyu, hula, 'yar shara, da rigar sanyi guda da Isuhu ya cusa mini a jaka ina cewa ba na buƙata. Muka hau jirgi, muka sauka, muka shiga mota ta yi ta nannaɗe dutse da mu kamar ana naɗa rawani, har muka isa wani ƙauye da shanunsa ke da gashi har ƙasa. Da safe na fito na ɗaga kai, hulata ta faɗi ban ga ƙarshen dutsen ba. Daga rabi zuwa sama fari ne tas. Wu ya ce sanyi ya wuce, wannan ragowa ce kawai da ba ta gama narkewa ba. Na ce masa ai haka namu ma yake yi wani lokaci. Allah ya yafe mini.

A bakin hanya akwai wata rumfa da ake ba da hayar manyan takalman hawa da sanduna. Isuhu ya zaɓi nasa, ya sa safa uku, ya ɗora rigar sanyi kan rigar sanyi har ya koma kamar buhun auduga mai rawani. Wu ya ɗauko wasu ya miƙo mini, ya nuna kambas ɗin da ke ƙafata ya girgiza kai. A nan ne na yi kuskuren da sai ɗan kasuwa zai yi. Mu a wurinmu mai kaya ba ya kushe kayansa. Idan na cire takalmin nan a gaban wanda ya yi shi da kuma Bamaraɗen da zai kai labarin har Yamai, na amsa da kaina cewa abin da zan sayar wa mutane ba ya tafiya. Na buga ƙafa a ƙasa na ce wannan takalmin Mai Basilla ne, ba ya jin tsoron dutse. Wu ya dube ni, ya dubi takalmin, ya yi magana da mai rumfar da yarensu, muka kama hanya.

Farkon tafiyar daɗi gare ta. Cikin itatuwa muke, ruwa na gangarowa, iska mai tsabta kamar ba a taɓa shaƙa ba. Bayan kamar awa biyu itatuwan suka ƙare muka taka ƙanƙarar farko. Da safe samanta a daskare yake, tana ƙara a ƙarƙashin ƙafa kamar ana tauna ƙuli. Na waiwaya sai na ga abin da ya faranta mini rai: duk inda na taka, sunan Baba ya fito a jikin dusar, layi guda tun daga ƙasa. Na kira su na nuna musu. Na ce yau Mai Basilla ya zo inda babu badukun da ya taɓa zuwa. Har ƙwalla na ji, kuma ba ta sanyi ba ce. Isuhu kuwa hankalinsa na wani wuri, ya tsaya ya riƙe ƙugu yana ƙare wa farin dutsen kallo, ya ce shi abin da ke ba shi takaici, ga wannan dukiya an bar ta tana narkewa a banza, alhali a Maraɗi cikin azumi mutane na bin layi don ƙanƙarar da ba ta kai tafin hannu ba. Muka ɗan tattauna yadda za a yi ta isa, muka ga ba hanya, muka ci gaba.

Daga nan dutsen ya fara karɓar harajinsa. Numfashi ya ƙi cika ƙirji, sai ka ja iska ka ji kamar rabi aka ba ka. Taku goma in tsaya, in yi kamar ina kallon gari. Kaina ya riƙa sarawa. Rana ta ɗago, dusar ta yi laushi, wurin da ɗazu ke ɗaukar mutum yanzu sai ƙafa ta nutse har gwiwa, ka zaro ta da ƙyar, ɗayar ta nutse. Ruwa ya cika kambas ɗin, yatsuna suka daina ba ni labarin kansu. Wasu tsofaffin mata 'yan China su huɗu suka zo suka wuce mu suna hira, ɗaya ma rediyo ne rataye a wuyanta. Suka ce mana ni haw, wato sannu, na amsa da hannu don ba ni da iskar magana. Wu na gaba yana tafiya kamar mai zuwa masallacin unguwa, lokaci lokaci ya juyo ya tambayi ko haka Dala yake. Ina cewa kusan haka.

Ban ji lokacin da abin ya faru ba, don ƙafar ta riga ta mutu. Isuhu da ke bayana ne ya yi gyaran murya.

"Alhaji, tsohonka ya bar sa hannu da ƙahwar hagu."

Na waiwaya. Sawun dama na nan da sunansa, sawun hagu kuwa siffar yatsu biyar ce cikin safa. Can baya, taku bakwai ko takwas, ga tafin takalmina kwance shi kaɗai a kan dusar, ya kife, sunan yana kallon sama. Na ɗaga ƙafar na ga saman takalmin na nan ɗaure da igiyarsa tsaf, fari ƙal, ba abin da ya same shi, sai dai ba shi da ƙasa. Isuhu ya zauna cikin ƙanƙara yana dariyar da ba ta da sauti, don shi ma iskar ba ta ishe shi ba. Duk da haka mutumin kirki ne, ya yage gefen rawaninsa muka ɗaure tafin da ƙafar kamar mai ɗaurin karaya. Na ce ƙaddara ce, a cikin dubu ba a rasa ɗaya. Ban yi taku talatin ba na dama ma ya buɗe baki, ya yi ta faf faf kamar yana so ya yi magana, sannan ya rabu da ni shi ma.

Na zauna a kan wani baƙin dutse da ya leƙo daga cikin dusar, na tuɓe abin da ya rage, na cire safar da ta jiƙe sharkaf. Yatsun sun yi fari kamar na wanda ya wuni yana wanki. A nan tsoro ya kama ni na gaske, na fara tunanin yadda zan koma Kano ana nuna ni ana cewa ga wanda ya je China ya bar yatsunsa. Wu ya dawo, bai yi dariya ba, bai kuma yi mamaki ba. Ya sauke jakarsa, ya buɗe, ya ciro takalman hayar nan da na ƙi karɓa, da busasshiyar safa biyu. Ashe maganar da ya yi da mai rumfa ke nan, tun safe yake ɗauke da su a bayansa. Ya durƙusa ya kama ƙafata ya cusa cikin rigarsa, a jikin cikinsa, yana murzawa har jini ya dawo da wani zafi da ya sa na kira sunan Allah da ƙarfi. Da na samu bakin magana na tambaye shi yadda aka yi ya san zan buƙace su.

"Ni na sa gam ɗin," in ji shi. "Kai ka zaɓa."

Ba da faɗa ya faɗa ba, kamar mai gaya maka ƙarfe nawa ne. Na miƙe tsaye don in gwada ko ƙafar za ta ɗauke ni kafin in sa takalman, a daidai nan Isuhu ya ɗaga kyamara ya ce in dube shi. Hoton ke nan. Abin da kuke ɗauka murmushin nasara ne, haƙorana ne ke kaɗawa. Hannun da na ɓoye a baya kuwa tafin hagu nake riƙe da shi.

Wu ya nuna mana ƙololuwar, ya ce saura awa uku. Na ce a gaishe ta. Muka juyo. A hanyar saukowa, cikin takalman haya masu ɗumi, na bi sawuna na safe ina wuce sunan Baba ɗaya bayan ɗaya, rana ta fara cinye shi. Ban yi tunanin ƙanƙara ba, don babu mai taka ta a Kano. Ɗan acaba na tuna, wanda zai tara kuɗin kwana uku ya saya don ya ga sunan da ubansa ke yabo, ruwan damina ya taɓa shi sau biyu, ya tsaya a tsakiyar titi da saman takalmi a ƙafa kamar yadda na tsaya. Shi ba shi da Wu a bayansa da jaka. Zai juya tafin ya karanta, ba kuma ni zai zaga ba, don bai san ni ba. Mutumin da ya yi shekara arba'in bai taɓa barin zare ɗaya a sake ba, shi za a zaga a kabarinsa. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, na gode Allah da Isuhu ke gaba ba ya ganin fuskata.

Kafin mu isa rumfar na ce wa Wu a tsayar da aikin, a koma na farko, mai zare na gaske, a kuma ɗauke sunan daga ƙasa a mayar da shi kan harshen takalmin. Ya ciro kalkuleta a nan kan hanya, domin ko a lahira ɗan kasuwa ba ya rabuwa da ita. Abin da ke hannuna rabin kwantena kawai zai yi, robar da aka riga aka zuba ta tafi a asara, kuma ɗinki sai an ƙara wata biyu. Isuhu ya ja ni gefe ya ce in yi hankali, sanyi ne ya taɓa mini kai, in bari mu koma Gwanzu in sha shayi tukuna. Mun koma, na sha shayin, ban canza ba.

Abin da ya biyo baya ba daɗi. Saboda wasannin da ke tafe aka tsaurara biza, na je sabuntawa aka ce mei yo, wannan kuwa ba irin mei yo ɗin Wu ba ne da ake tura wa kalkuleta. Na tattara na dawo gida, na bar Isuhu ya raka kayan har tashar jiragen ruwa ta Nansha. Suka iso Kano bayan Sallah da sati uku, lokacin da kowa ya riga ya saya ya sa har ya fara yagewa. Kuma da tsada. Mutum ya ɗaga nawa ya ɗaga na maƙwabcina, kamanni ɗaya, ya ajiye nawa. Sai da na shekara biyu ina sayar da rabin kwantenar nan. Sannan a hankali aka fara zuwa ana tambayar mai suna a harshe, ba da yawa ba, amma wanda ya zo ba ya ciniki. Ban yi arzikin da abokaina suka yi ba, kun dai ga abin da muke da shi. Na kuma gado matsalar kakanku, wanda ya saya ba ya saurin dawowa.

Kada ku ɗauka mahaifiyarku ta yi mini guɗa. Ranar da na dawo na zaunar da ita na ba ta labarin tun daga rumfa har kalkuleta, na ciro tafin daga jaka na ajiye a gabanta. Ta juya shi, ta karanta, sannan ta ce:

"Sai da ka hau jirgi biyu ka kusa rasa ƙafa kafin ka ji abin da na faɗa maka a waya kyauta."

Daga nan ta tambayi rufin. Na ce sai wata shekarar. Wata shekarar nan ta zama huɗu. Damina huɗu ta ƙara a ɗaki biyu, tana jan katifarku daga inda ke yoyo, tana girki a murhun da ba nata ba. Wata uku cur ba ta ce mini komai ba bayan ga abinci da a dawo lafiya. A shekara ta uku Inna ta rasu ba ta kwana a gidan 'yarta ba. Wannan shi ne abin da har yau ban iya yi wa dariya ba, kuma ban taɓa samun bakin da zan ba Saude haƙuri yadda ya kamata ba. Ni na yi kuskuren, ni na gyara, ni aka ɗauka a hoto, amma ita ta biya.

Da muka tare a gidan nan aka ga ƙasan ɗakinta bai daidaita ba, kabad ɗin kwanukanta yana rawa. Ina neman guntun katako sai ta buɗe akwatinta ta ciro tafin, wanda na ɗauka ta jefar tun tuni. Na ce to kawo in sa. Ta ce a'a, ita za ta sa, don ni ban san ta inda ake juya shi ba. Ta durƙusa ta tura bakinsa ƙarƙashin ƙafar kabad ɗin, daidai yadda nauyin ba zai hau kan baƙaƙen ba. Wannan 'yar robar da kuka yi ta sharewa kuna zagayawa tun kuna yara, ita ce. Duk wanda ya zo gida a cikinku ya nemi izininta ya shiga, ya sunkuya ya duba. Sunan yana nan, yana kallon sama.